Damin da Nake Kaiwa Kowace Kaka

Shekarar da aka rufe iyaka, har albasa ta ruɓe cikin manyan motoci a Konni, ita ce shekarar da na rasa gonata.

Garinmu yana gindin dutse, kusa da Badaguishiri. A kwari ake noman albasa, amma kwarin na masu gado ne. Saman dutse kuwa fako ne, jar ƙasa mai tauri. In an yi ruwa ba ya shigarta, sai ya gangaro ya cika korama ya wuce. Taubashina, ɗan kawuna, yana da wani yanki can sama. Ranar da na roƙe shi, dariya ya yi.

"Ɗauka, bawana, na ba ka. In dutse ya haihu, ka kira ni suna."

Na hau da diga. Na jera duwatsu don su tare ruwa, na haƙa ramuka, kowane rami na zuba masa taki da hannuna. A damina ta uku hatsi ya tsaya. Don murna na ɗauki dami ɗaya na kai gidansa, kuma daga nan kowace kaka sai na kai. Yakan ce, "Bawa ya kawo gaisuwa!" Mu yi dariya, matarsa ta dama mana fura.

Albasarsa na cikin wadda ta ruɓe a iyaka. A lokacin ne wani ɗan kasuwa da fatauci ya tsaya masa ya shiga sayen gonaki. Wata safiya na hau, na tarar da shi da taubashina suna auna gonata da taku.

A gaban maigari na ce kyauta aka ba ni. Ya tambaye ni ko ina kai dami. Na ce ƙwarai, ban taɓa fashi ba. Dattawa suka sunkuyar da kai. A wurinmu wanda aka ba kyauta ba ya kai dami. Mai aro ne ke kaiwa, don kada a manta da mai ƙasa. Na san haka tun ina ƙarami, amma ban taɓa tunanin za a auna mu da wannan mudu ba, ni da ɗan kawuna.

Na juya wurinsa. "Ɗan kawu, gaya musu abin da ka ce mini ranar nan."

Bai dube ni ba. "Wasan taubasai ne. Wa bai san mu da wasa ba?"

Da ya zo ya ce mini ya shiga uku, da na raba rumbuna biyu na ba shi rabi. Bai zo ba. Har yau masallacinmu ɗaya, muna gaisawa.

Abin da ya tafi: damina goma sha ɗaya. Jerin duwatsu tara. Gawo bakwai da na bari suka girma. Jaki ɗaya, da ya faɗi a hawan dutsen da taki a bayansa. Da ɗan kawu ɗaya.