Goma Sha Ɗaya da Ɗigo Shida

Shekarar da fari ya cinye mana shanu, ina da shekara goma sha tara, na gama firamare ina zaune a Mabai ba aikin yi. Kowa na cewa kuɗin mai sun shigo ƙasa, mu dai abin da muka gani shi ne manyan motoci suna wucewa. Baba yana kwance da ciwon ƙirji, hatsin rumbu kuma ba zai kai mu damina ba.

Abu ɗaya na iya, gudu. Da aka yi shela cewa za a gwada masu tsere a Kankara, wanda ya ci a kai shi Kaduna, can kuma masaƙu suna ɗaukar irinsu aiki, ban ko yi shawara da kowa ba. Sharaɗin ɗaya ne: mita ɗari a ƙasa da sakan goma sha biyu.

Na yi gudun ba takalmi. Malamin wasanni da ke riƙe da agogon awo, wani dogo mai furfura a gemu, ya dubi agogon, ya dube ni.

"Goma sha ɗaya da ɗigo shida," in ji shi, ya rubuta a ɗan littafinsa. "Kai, yaro, ka haye."

Bayan kwana huɗu aka manna takarda a bangon ofis. Gaban sunana an buga 12, an kuma ja layi a kansa. Na shiga wurin akawun da ya buga takardar.

"Ranka ya daɗe, ba haka malam ya faɗa ba."

Bai ɗago daga kan tafireta ba. "Gurbin lamba biyu yake ci. Duk abin da ya wuce rabi, sai in cika shi. Haka aka koya mani."

"To ai cikawar ce ta fidda ni."

"Sakan guda ma mi ne ne, balle gutsurensa? In kana ja, kawo mani sa hannun wanda ya auna. Motar Kaduna ran Asabar za ta tashi."

Ran Laraba ke nan. Na tambayi inda malamin yake, aka ce ya wuce Faskari gwada na can. Na roƙi direban wata motar auduga ya ɗora ni bisa kaya. A Faskari na tarar an tashi daga fili, mai gadin makaranta ya ce ai tun jiya suka yi Sabuwa. Na zauna bakin rijiya na yi kuka, ban damu da matan da ke ɗiban ruwa suna kallona ba. Ɗaya daga cikinsu ta ba ni fura a ludayi, ba ta tambaye ni komai ba.

Washegari na kama hanya. Wani wuri mota, wani wuri ƙafa, har tafin ƙafata ya tsage. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci na gan shi a Sabuwa, yana sayen goro. Na durƙusa a gabansa, na faɗa masa abin da akawun ya yi. Sai da ya buɗe littafin ya ga lambar sannan ya gane ni.

"Subhanallahi! Shi wa ya ce ya taɓa mani lamba?" Ya yagi takarda, ya rubuta 11.6 da manyan baƙaƙe, ya sa hannu. "Wannan ɗigon taku huɗu ne a fili. Maza ka koma."

Babu motar da ta tashi ran nan sai da asuba. Ta lalace mana sau biyu a hanya, ina ta sauka ina turawa tare da fasinjoji, ina roƙon Allah a bayyane har wani dattijo ya ce in yi haƙuri haka nan. Mun shiga Kankara bayan azahar.

Akawun yana nan, yana shirin rufe ofis. Ya karanta takardar sau biyu. Ya zaro jerin sunayen, ya soke 12 da biro, ya matsa lambobin nan uku a gefen gurbin har suka hau layi.

"Na gyara," ya ce a hankali. "Amma sun tafi tun hantsi."

Na ce ya ba ni wata takarda in bi su. Ya ce ba shi da ikon haka, mai ikon kuma yana cikin motar. Na tsaya a bakin ƙofa har ya sa kwaɗo, ya hau kekensa. Ya ɗan yi gaba, ya dawo, ya ce in zo baɗi, shi da kansa zai faɗaɗa gurbin.

Baɗi ba a yi gwajin ba. Baba ya rasu da kaka, gona da ƙannena huɗu suka dawo hannuna. Na noma dawa da gero a wannan gonar shekara arba'in da wani abu, har gwiwoyina suka ƙi, na bar wa 'ya'yana.