Ragowar Malama Eta

Ka taɓa zama da yunwa a cikinka, mafici a hannunka, kana ƙirga lomar wani? Leitu ta yi, har ta ƙware. Ta san Malama Eta tana gamawa da gwaza ɗaya a loma bakwai, kifi a loma goma sha biyu in ƙaya ba ta yi mata gardama ba. Ta kuma san komai tulin da aka ɗora a faifai, ƙarshen lissafin ɗaya ne: babu saura.

Leitu 'yar tsibirin Upolu ce, aure ya tsallako da ita teku zuwa ƙauyenmu a tsibirin Savai'i. Macen da ta zo zaman gidan miji wurinta can baya ne, inda hayaƙi yake. Ita ce kankarar kwakwa, ita ce feraye gwaza, ita ce wanke-wanke. Ta zo da akwati ɗaya, tabarmi huɗu da kaji goma sha ɗaya da mahaifinta ya ba ta. Mijinta Falaniko mutum ne da gona ta fi kowa sanin muryarsa. Gidan kuwa, tun da tsufa ya kwantar da surukinta mai riƙe da sarautar dangi, a tafin hannun Akenese yake, yayar Falaniko, mace mai faɗin kafaɗa da murya irin ta kiran taro.

Shekarar da aka turo wa makarantarmu malamar sa-kai daga ƙetare, gidaje shida suka nemi a sauke ta a wurinsu, na su Akenese ya samu. Baturiya ce siririya, sunanta ya gagari harshenmu muka mayar da shi Eta. Ta zo koya wa yara Turanci, ba albashin kirki, ba bulala, sai kwalayen littattafai da zuciya fara tas. Ranar da za ta iso, Akenese ta tsaya a ƙofar madafa ta yanka wa Leitu doka.

"Ke 'yar Upolu, buɗe kunnenki. Cikin baƙuwar nan a wuyanki yake. Duk ranar da aka ji a gari cewa akwai yunwa a gidan ubana, ki ɗauki akwatinki, jirgin da ya kawo ki bai nutse ba."

"To, Yaya," in ji Leitu, goyonta na tsotson nono.

Kowa ya san tsarin ci. Baƙo da mai sarauta su fara, matar gida na zaune a gabansu tana kore ƙuda. Baƙo ya ci daidai cikinsa, ya ture faifai, a kawo ruwan wanke hannu. Abin da ya rage a faifan shi ne rabon mai fifita. Faifan da ya dawo wayam kuwa magana ce: ban ƙoshi ba, gidanku ya gaza.

Ita Eta a hannun kakarta ta girma, wadda ta koya mata cewa barin abinci a kwano zagin mai girki ne. Ranar farko aka ba ta gwaza biyu, kifi ɗaya da ƙunshin ganyen gwaza mai madarar kwakwa. Ta cinye, ta suɗe ganyen, ta ɗago da murmushi. Akenese ta harari Leitu. Washegari gwaza uku, kifi biyu. Ta numfasa, ta cinye. Aka ƙara dafaffiyar ayaba, aka ƙara kifin gwangwani, ranar Lahadi aka yanka kaza, kuma ba a garken Akenese aka kamo ta ba.

Kaji goma sha ɗaya suka koma takwas, takwas suka koma biyar. Leitu na fifita, tana kallon cinyar kazar mahaifinta na shiga bakin da ke cewa na gode bayan kowace loma. Tukunya ba ta ƙaru ba, faifan baƙuwa ne ya ƙaru, don haka in manya da yara sun gama, abin da ke isowa ga Leitu ƙanzo ne da ruwan ganyen lemo.

Ita ma Eta ba daɗi take ji ba. An gan ta a bayan makaranta dafe da ciki tana kakarin amai. Sau biyu ana buɗa mata riguna. Matan gari in ta wuce sai su ce gidan Akenese kiwo yake yi, a Kirsimeti za a yanka, su bushe da dariya, ita ma ta taya su ba ta san me aka ce ba. Babu wanda ya gaya mata, don wa zai buɗe baki ya ce wa baƙo ya rage ci? Leitu ta taɓa tayar wa Falaniko da zancen, ya ce maganar mata ce, ya ɗauki addarsa ya fita.

Da kaji suka rage biyu, nono ya fara ƙafewa. Jinjirin ya kama, ya ja, ya saki ya tsala kuka. Akenese ta ce wannan yaro ya gaji rakin mutanen Upolu. Ran nan da la'asar Leitu ta tarar da Eta ita kaɗai a tafkin wanka, ta ajiye kayan wanki, ta tattara ɗan Turancin da ta tsinta a aji huɗu, ta haɗa da nuni da hannu.

"Malama, don Allah ki riƙa ragewa. Abin da kika bari shi nake ci. Yaro ba nono. Amma kada kowa ya ji, kin ji?"

Eta ta yi tsaye, ruwa na ɗiga daga gashinta. Ta tambaya tun yaushe. Da ta gane tun ranar farko ne, ta zauna a kan dutse ta yi kuka har Leitu ce ta koma rarrashi. A ranar Eta ta ci rabin gwaza ta ture faifai. Leitu ta ci kifi ɗaya da rabi a bayan madafa, ta ce a ranta ashe magana 'yar kaɗan ce kawai.

Da a nan ya tsaya, da ba ni da labari. Amma Eta mutuniyar kirki ce, kirkinta kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ranar Asabar ta hau bas zuwa garin Salelologa, ta dawo da rana tsaka da buhun shinkafa biyu, kwalin kifin gwangwani uku da gwangwanin madarar jarirai shida. Aka sauke a bakin titi, ƙauye duka na ƙirgawa. Wannan ma da an shanye, kyauta ba abin kunya ba ce. Sai ranar Lahadi, a babban cin abincin bayan coci, ga fasto, ga masu sarauta zaune kowa jingine da ginshiƙinsa, Eta ta nemi izinin magana. Da yarenmu ta yi, wanda ta sha wahalar haddacewa, kowace kalma ta fita sarai. Ta nemi gafara don ta cinye abincin gidan da ba shi da isasshe, har jariri ya rasa nono. Ta ce ba don 'yar'uwarta Leitu ta yi ƙarfin halin faɗa mata gaskiya ba, da har yau ba ta sani ba. Ta juyo tana neman Leitu da ido don ta yi mata murmushi.

Mafici ya tsaya a hannun Leitu. Surukinta tsoho ya sunkuyar da kai. Fasto ya yi gyaran murya ya ce a ci abinci kada ya huce.

Majalisar masu sarauta ba ta ɓata lokaci ba. Gidan da ya roƙi baƙuwa ya kuma kai mata kukan yunwa ya zubar da mutuncin ƙauye: tarar aladu biyu, a kuma mayar da malama gidan fasto. Akenese ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan. Da kanta ta fito da akwatin ta ajiye a kan tsakuwa. Leitu ta miƙa hannu za ta ɗauki jinjirin, Akenese ta riga ta.

"Ina za ki kai shi? Ke da kika ce ba ki da nono? Ga madarar ƙawarki nan har gwangwani shida. Jinin gidan nan ne, a nan zai ƙoshi."

Leitu ta dubi Falaniko. Yana wasa addarsa a kan dutse, bai ɗago ba. Kaji biyun ma aka ce sun ci hatsin gidan, sun zama na gida.

Eta ta tambayi inda Leitu take, aka ce ta je jinyar mahaifiyarta. Ta ce Allah sarki, a gaishe ta. Ta ƙarasa wa'adinta a gidan fasto, kullum tana rage rabin faifai, har yau ana ba da misali da ladabinta. Yaran da ta koyar huɗu sun kai jami'a. Leitu tana soya fanke a kasuwar birnin Apia can Upolu yanzu, kuma masu saye sun ce in kana ci a gabanta leɓenta na motsi a hankali. Ɗanta ya girma yana kiran Akenese uwa.

Kafin ka yanke wa ɗayansu hukunci, gwada abu ɗaya. Ka wuni ba ka sa komai a baki ba, da yamma ka ɗauki mafici ka zauna gaban mai cin abinci, ka yi masa fifita da fara'a, kada ka ce uffan. Ka ƙirga, ka ga a loma ta nawa bakinka zai buɗe.