Sawu a Kan Ɗanyen Siminti

Ƙawaye, yau na ceci rai a gidanmu!

Ina dawowa daga lakwal, wato makaranta, na ga wani sawu mai lanƙwasa a kan ɗanyen simintin sabon ɗakinmu. Magini ya yi tsalle: "Maciji ne, Alhaji!" Baba ya ɗauko sanda. Ni kuwa na lura kwamin kifinmu ya tumbatsa, an manta tiyon ruwa yana zuba a ciki.

Na ce, "Baba, dakata, daga ruwa sawun ya fito."

Aka bi sawun har ƙarƙashin wani buhun siminti, aka ɗaga shi. Babbar tarwadarmu ce, da ranta! Na naɗo ta a hijabina, na mai da ita ruwa.

Inna ta ce, "Mai yawo haka, sai tukunya!"

Na ce, "Baba, don Allah a bar mini ita."