Tuwon Mutum Ɗaya

Cikin shekarun da na yi a aikin rediyo, ranar da ba ta taɓa gushewa daga raina ba ita ce wata Laraba a daminar 2008, lokacin ina gabatar da shirin girke-girke a wata tasha a Minna. Ku da kuka shigo aikin nan a baya-bayan nan, ga yadda abin ya faru.

A lokacin ina mataimakiyar furodusa, wato ni ke nemo abin da za a faɗa, ni ke kuma faɗarsa a iska. Daga Funtuwa na zo, ban san kowa a garin ba. Na kama ɗaki ɗaya a Sauka Kahuta, a gidan hayar da kowa ke ficewa da sassafe. Ina koya wa mata girki, amma ni abincina shayi da burodi ne. Rishona yana ƙarƙashin gado ya yi ƙura.

Kowace Litinin nakan je kafe, shagon da ake hawa intanet, in buɗe shafukan girke-girke na Turawa da Larabawa da Indiyawa. In zaɓi ɗaya in fassara, in kai wa shugaban sashen shirye-shirye, Malam Ndagi, domin ba a karanta komai a iska sai ya sa hannu. Laraba da hantsi mu shiga kai tsaye. Rabin farko ni ce ke bayani, rabi na biyu a buɗe layin waya.

Layin kuwa ba ya ƙara. Ina zaune ni kaɗai a ɗakin watsa shiri, injiniyanmu Bitrus yana bayan gilashi yana hamma, ina ta maimaita lambar waya. Har Malam Ndagi ya kira ni ofis.

"Hajara, wa ke da cuku da na'urar gashi a garin nan? In zangon nan ya ƙare ba a kira, masu kiɗa zan ba lokacin shirin naki."

Larabar da nake ba ku labari, na gama bayanin wata shinkafar Larabawa ke nan sai Bitrus ya ɗaga hannu, alamar an kira. Muryar dattijo ce, Hausarsa irin ta mutanen kudancin Kaduna.

"Ina kwana, 'yata."

"Lafiya lau, Baba. Daga ina?"

"Daga Chanchaga. Sunana Yohanna, na yi aikin jirgin ƙasa, na yi ritaya. Kullum ina jin ka. Kana cewa abincin mutum huɗu, abincin mutum shida. To na mutum ɗaya fa? Matana ya rasu bayan Ista. Yara suna Legas. In na tuƙa tuwo sai ya yi yawa, ya lalace, in zubar. Yanzu na bari. Gari nake jiƙawa."

Abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci shi ne kada a bar iska shiru. Ranar na bar ta. Bitrus yana ta juya hannu in yi magana. Da ƙyar na ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Amma ka saurare ni Laraba mai zuwa."

Ban jira Litinin ba, daga ofis kafe na wuce. Ashe shafukan nan da na daɗe ina buɗewa suna da sashe guda na masu girka wa kansu su kaɗai, ban taɓa lura ba. Yawancin shawarwarin na masu firji ne da wutar da ba a ɗaukewa. Amma na tsinci masu amfani: a nemi ƙaramar tukunya, a auna da kofin shayi, a riƙa sayen kayan da ba sa ruɓewa. A ƙasan kowane girki akwai inda masu karatu ke rubuta ra'ayinsu, nan na daɗe. Wani ya ce a tsaye yake cin abinci tun da matarsa ta tafi. Wata tsohuwa ta ce takan kunna rediyo kafin ta zauna, don dai ta ji muryar mutum a ɗakin.

Tuwo dai babu shi a ko'ina. Na tambayi Maman Ladi, mai sayar da abinci a ƙofar tasharmu. Ta yi dariya ta ce, "Wa ke ɗora tukunya don bakinsa kaɗai?" Da ta dubi fuskata sai ta daina. Na ba ta labarin Baba Yohanna, ta ce ya riƙe garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da busasshen kifi, ya kaɗa miya daidai cinsa.

Na sayi kananzir, na jawo rishon na goge. Tuƙin farko ya yi gudaji, na biyu ya yi ruwa. Sai da na yi ta gwadawa kafin na gane ma'aunin: ruwa kofi biyu, gari kamar kofi guda, a yi talge da kaɗan a bar shi ya nuna sosai. Na zauna a tabarma na ci, ina kallon bango.

Da na kai wa Malam Ndagi rubutun, ya karanta ya ce, "Wannan ai ya fi kama da ta'aziyya." Amma ya sa hannu.

Ranar Laraba na karanta shi a hankali, na maimaita ma'aunin. Kafin in rufe baki layi ya fara ƙara. Wata mai hidimar ƙasa daga Zungeru, wani ɗan sanda da aka yi wa canjin wurin aiki ya baro iyali a Bauchi, wata gwaggo da 'ya'yanta suka watse. Duk suna nan tun da daɗewa, suna saurare. Baba Yohanna ya samu shiga daf da rufewa.

"'Yata, na gwada jiya kafin ka faɗa, ya yi gudaji. Yau zan bi naka."

Bayan mako ya kira ya ce ya cinye, har ya kankare tukunya. Ya ci gaba da kira, wani lokaci ba tambaya, gaisuwa kawai. Bayan Kirsimeti sai ya daina. Wayar tasharmu ba ta nuna lamba. Na je Chanchaga wata Asabar na yi tambaya, aka nuna mini Yohanna har biyu, ba shi ba ne. Ko yaran sun ɗauke shi zuwa Legas, ko ya bi matarsa, har yau ban sani ba. Ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Ba a soke shirin ba, na gabatar da shi har aka ƙara mini girma. Abin da na koya shi ne, intanet za ta ba ka girki dubu, amma ba za ta gaya maka wanda ke zaune gaban rediyo ba. Waɗanda suka fi riƙe mu a aikin nan su ne waɗanda ba su da abokin hira a gida, kuma su ne ba su cika kira ba. In kun zauna gaban makirufo kuka ji layi shiru, kada ku yi sauri, ku yi magana kamar mutum ɗaya ne ke jin ku. Sau da yawa haka ɗin ne.