Saura kaɗan wanzami ya tsaga min harshe

Ƙayar kifi nake nema a maƙogwarona da fitilar waya, sai idona ya faɗa kan wasu ƙuraje a can ƙarshen harshena, manya-manya, a jere. Wallahi take na manta da ƙayar.

Goggo, yayar babana da muke zaune tare a Kagarawal, ta leƙa ta ce, "'Yar nan, wannan aikin wanzami ne. A kira shi ya tsaga su, mugun jinin ya fita."

Ni fa tsoron aska ne kawai ya sa na ce mu fara zuwa asibiti. Muka hau keke, tana ta mita.

Likitar ta haska bakina ta ce, "Suna miki ciwo? Suna jini?"

Na ce a'a.

Sai ta juya wajen Goggo. "Mama, buɗe naki mu gani."

Da ƙyar Goggo ta buɗe. Ga su nan reras, har sun fi nawa girma!

Likitar ta yi dariya ta ce, "Kowa da su aka haife shi, na ɗanɗano ne. Wanda ake gudu shi ne gyambo ko ƙululu mai tauri da ya wuce sati biyu bai warke ba. In kin ga wannan, ki dawo."

A hanya Goggo ta ce, "To, Allah ya rufa asiri." 

Alhamdulillah, Allah ya saka wa likitar nan da alheri. Yau dai tsorona ya yi min rana.

Ku fa, wa ya taɓa leƙa bakinsa ya tsorata kansa?