Yadda na mai da gonar waken suya wurin horo

Shekarun baya da suka ɗan yi nisa, ina koyar da darasin noma a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Kurfi. Kullum daga Dutsin-Ma nake tasowa a kan babur, da farar riga wadda ban yarda ko ɗigon ƙasa ya taɓa ta ba. Malamin noma ne ni, amma rabona da in duƙa da hauya tun ina ɗan firamare.

A shekarar na nemi shugaban makaranta ya ba ni filin da ke bayan azuzuwa, muka shuka waken suya. Burina yaran su gane noma sana'a ce da mutum zai yi karatu ya kuma riƙe ta da alfahari. Nakan tsaya gabansu in yi ta zuba bayani: daga waken nan ake awara da madara, da shi ake haɗa abincin kaji, a matse mai, ga malaman gona da masu binciken iri. Ni kaina jawabin nan yana burge ni.

Sai dai ni ne kuma mai kula da ladabtarwa. Da ciyawa ta taso, sai na ga ai na samu hanya mai sauƙi. Wanda ya yi latti, kunya biyar zai nome. Wanda ya yi surutu a aji, kunya uku. Mai faɗa kuwa sai ya kai ƙarshen gona. Gonata ta yi fes, har malamai na yaba mini, ni kuma ina ta hura hanci.

Wata ranar Talata wani dattijo ya zo nemana daga Rawayau. Mahaifin wani ɗalibina ne ɗan aji biyar, yaro mai ƙoƙari amma sarkin latti, saboda nisan gida. Na yi masa tayin kujera ya ƙi, ya ce a tsaye ma ya isa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ba ƙara na kawo ba, tambaya gare ni. Shekaranjiya na ce ma yaron nan ya ɗauko hauya mu tahi gona. Sai ya dube ni ya ce, Baba, laihin mi na yi?"

Ya ci gaba a hankali, ba faɗa ba ɗaga murya. "Shi kaɗai ne namiji gare ni, kuma ƙarhina ya fara ƙarewa. Da hauyar nan na ciyar da shi, da ita na ɗinka mashi rigar makaranta. To in a wurinku ita ce abin hukunta mai laihi, ni da nake riƙe da ita shekara arba'in, wane laihi na yi?"

Wallahi ban taɓa jin na muzanta irin na ranar ba. Na ba shi haƙuri, na ce Baba in Allah ya yarda za a gyara. Ya ce Allah ya yi albarka, ya hau tsohon kekensa ya tafi.

Washegari na sanar cewa daga yau ba mai shiga gona don horo, sai wanda ya ga dama. A zatona rabin makaranta za su biyo ni. Yara huɗu suka zo, biyu daga cikinsu ma don su kalli yadda Malam zai duƙa ne. Sun kuwa sha kallo, domin kunya biyu na yi bayana ya riƙe, na kwana uku ina sallah a zaune. A hankali dai suka ƙaru, muka kai kusan ashirin kafin a tafi hutu. Yaron nan bai taɓa leƙowa ba.

Da aka dawo hutu waken ya nuna, ganye ya yi rawaya yana zuba. Na je har Rawayau na roƙi dattijon ya zo ya koya wa yaran girbi. Na yi haka ne don ɗansa ya ga mahaifinsa a gaban aji, malamai na sauraronsa. Da ƙyar ya yarda.

Ya zo da sassafe da hauyarsa a kafaɗa. Ya girgiza wata itaciyar waken ya ce mu saurara, in aka ji 'ya'yan na kaɗawa cikin kwanso to lokaci ya yi. Ya ce a yanke da safe tun da sauran raɓa, don in rana ta yi zafi kwanson fashewa yake, waken ya watse a ƙasa. Ya haƙo saiwa ya nuna musu ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikinta, ya ce su ne ke gyara ƙasa, shi ya sa yake bin gonar da dawa in shekara ta zagayo. Abin da na yi zango guda ina zanawa a allo, shi ya gama shi kafin rana ta ɗaga. Yara suka yi ta jefo tambayoyi, yana amsawa yana murmushi.

Ni kuwa idona na kan ɗansa. Yana can baya, ya jingina da bangon aji, kansa a ƙasa. Da aka tashi, dattijon ya ɗan tsaya da hauyar a hannu yana waige-waige. Kowa ya san ɗa ba ya barin mahaifinsa da kaya a gaban mutane. Yaron bai motsa ba. Wata ɗaliba ce ta zo ta karɓa, ta ce, "Kawo Baba, in kai maka wurin keke." Ya miƙa mata, ya yi mata addu'a, bai sake waigawa ba.

Yaron ya gama makaranta ya tafi birni, yana can yana sana'arsa lafiya, kuma na ji yana kyautata wa iyayensa. Daga cikin waɗanda suka yi girbin nan akwai waɗanda suka karanci aikin gona, wasu na noma waken suya a Makera da Dabawa, in mun haɗu sukan ce ni ne sila. Ina jin daɗi, amma daɗin ba ya cika.

Na gane yara ba jawabinmu suke ɗauka ba, abin da muke yi suke kallo. Ba zan ce ni kaɗai na raba yaron nan da gona ba, amma na san da hannuna a ciki, kuma abin yana damuna har yau. Bara na bi ta Rawayau na tarar da dattijon a gonarsa shi kaɗai, ya nome rabi, rabin ya bar wa ciyawa. Na ce Baba a yafe mini. Ya ce, "Na yahe tuni, Malam. Ɗan riƙe mani hauyar nan in miƙe bayana."