Malam Zauna-Tukuna da Ɗakin Innarsa

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Zauna-Tukuna, sunan kuwa ya bi shi. Shekara ashirin da wani abu yana koyar da tsara cikin gini, a wani dogon aji mai warin gam da yankakken kwali. A wurinsa ɗalibi bai isa ya taɓa fensir a makon farko ba. Gidajen mutane yake tura su, su nemi kujera su zauna, su ga inda mai ɗaki ke ajiye mabuɗi, da wane hannu yake tura ƙofa, ina yake yar da takalmi.

"Zauna tukuna," haka yake ce wa duk wanda ya rugo da zane. "Ka tambayi mai ɗakin? Ko kai za ka kwana a ciki, sarkin gaggawa?"

Wata ɗaliba ta taɓa kawo masa kicin ɗin da ta haɗa da kwali. Ya juya shi, ya ce, "Wannan kantar da kika kafa can sama, matar gidan raƙumin dawa ce?" Aji ya kwashe da dariya.

To, wannan mutumin, mai wannan bakin, shi ne ya yi wa mahaifiyarsa abin da ko ɗan aji ɗaya ba zai yi ba.

Idon Inna ya daɗe da mutuwa, amma a ɗakinta ba ta neman jagora. Taku huɗu daga gado zuwa ƙofa. Hannunta ya san wata tsaga a jikin bango, ƙafarta ta san inda siminti ya fashe, daga nan sai ta karya hagu ta shiga banɗaki. Wanda ya kama mata hannu ma tsawa yake sha.

Da aka kwantar da ita a asibiti mako uku, sai Malam ya ga dama ta samu. Ya sa aka shafe tsagar, aka shimfiɗa tayil sumul, aka cire tsohuwar ƙofa mai ƙara, aka kafa sabon kabad. Gado kuma ya juya shi wajen taga, wai don haske. Haske, ga matar da ba ta gani!

Yayarsa ta leƙo, ta riƙe haɓa. "Auta, ka tambaye ta kuwa?"

"Haba Yaya, sana'ata ce fa. So nake ta dawo ta sha mamaki."

"Za ta sha kam."

Ranar da aka sallamo Inna, ta tsaya a bakin ɗaki ta miƙa hannu. Ta shafa bango, ta ƙara shafawa.

"Auta, gidan wa kuka kawo ni?"

"Ɗakinki ne, Inna. Na gyara miki."

Ta ce, "Allah ya yi albarka." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Washegari da safe ta sauko, ta ƙirga takunta huɗu, ta yi karo da kusurwar kabad ta zube. Ba ta karye ba, amma tsoro ya shige ta. Daga ranar ba ta sake sauka daga gado ba sai an riƙe ta.

Malam ya rikice. Ya mayar da gado inda yake, ya fitar da kabad. Ya nemi tsohuwar ƙofa, ashe kafinta ya riga ya farfasa ta. Ƙarshe ya ɗauki guduma da ƙusa, ya durƙusa yana sassaƙa tsaga a bangon da ya sa aka shafe, sannan ya kai hannun Inna wurin.

"Wannan ba tawa ba ce, Auta," in ji ta. "Tawa ta fi ƙasa, kuma ba ta da kaifi. Bar wahalar da kanka."

Wata bakwai ta yi a kan gadon nan ta rasu.

Har yanzu yana koyarwa, sai dai ba'ar ta ragu. Bara wani ɗalibi ya ce masa, "Malam, ni ɗakin kakata zan tsara. A cikinsa na tashi, ba sai na je na zauna ba."

Malam ya zare fensirin daga hannunsa, ya saka a aljihu.

"Kai mako biyu za ka yi."